Benen Na'Allah da Raƙumin Agali

Duk Dakoro babu wanda bai san Na'Allah ba, kuma ba wani abin kirki ne ya sa aka san shi ba, baki ne kawai. Ɗan kamasho ne a 'yar tashar motocin ƙauye da ke gefen gari, shekara ashirin da wani abu yana tsaye cikin rana yana kiran Korahane da Birnin Lalle har muryarsa ta dushe. To, bara waccan sai wani direba ya ɗauke shi rakiyar shanu zuwa Ikko. Kwana tara ya yi, shida daga ciki a bayan mota tsakanin ƙahoni. Amma tun da ya dawo mutanen tasha ba su sake hutawa ba. Ko shayi aka miƙa masa sai ya ce ba haka ake zuba shi a Ikko ba.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne wata tashar jirgin ƙasa da ya hango ta tsakanin sandunan motar shanun. Ya ce a can mutum zai sauko daga jirgi, ya ratsa ta cikin dogon bene, ya sayi abin da zai saya, ya fita ta ɗaya ƙofar ya faɗa mota, ƙafarsa ko yashi ba ta taɓa ba. Wanda ya gaji kuma sai wani akwati da ake kira asansar ya ɗaga shi sama, ya kwana a hawa na ashirin. Ya ce duk mai wayo a duniya gidansa a bakin tashar jirgi yake, sauran mutane kuwa zaman jiran kabari kawai suke yi.

Ana nan, wata safiya a farkon bazara, sai ga ma'aikata da farar mota sun zo suna kafa turakun siminti masu jan fenti, layi biyu, daga kudu suka nufi arewa, suka bi ta bayan katangar gidansa. Gidan kuwa na gado ne a ƙarshen unguwa, tasha tana yamma da shi, daji yana gabas. Gogan naka ya fito da buta a hannu, ya dubi turaku, ya waiwaya ya dubi tasha, ya ajiye buta. Dama ana ta maganar jirgin da aka ce zai zo Maraɗi daga Kano. Nan take ya yanke hukunci: jirgin da ya zo Maraɗi ai ba tsayawa zai yi yana kallon mutane ba, dole ya wuce arewa, kuma duk jirgi mai hankali ta Dakoro zai bi.

Samba, ardon Fulanin da ke zaune gabas da gari, ya gaya masa a gaban jama'a cewa turakun burtali ne, hanyar da shanu za su bi in damina ta sauka don kada su faɗa gonakin mutane. Ya ce da shi kansa aka zauna kafin a kafa su. Na'Allah ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ardo, kai da saniya kuka san burtali. Gwamnati in za ta kawo babban abu, kai za ta zauna ta faɗa wa? Sai ta ce burtali ne, don kada irinku su farga su saye wuri."

Samba ya ce Allah ya ba da sa'a, ya saɓa sandarsa ya wuce.

Kafin azahar Na'Allah ya zana tsarin aikinsa a bayan kwalin sabulu, ya kuma sanar a tasha cewa daga yau Injiniya za a riƙa kiransa. Bene zai gina a tsakar gidansa, hawa uku na somin-taɓi, sauran goma sha bakwai in jirgi ya fara zuwa. Ƙofa ɗaya gabas wajen jirgi, ɗaya yamma wajen motoci, fasinja ya ratsa ta ƙarƙashi. Ya sayar da babur ɗinsa da ragonsa, ya kira taubashinsa Mamani, magini. Mamani ya juya kwalin sama, ya juya shi ƙasa, ya tambaya ta ina ake farawa. Da aka nuna masa, sai ya ce tubalin ƙasa yana ɗaukar hawa biyu in bango ya yi kauri, amma hawa uku neman magana ne. Na'Allah ya ce shi ya sa zai mutu yana gina rumbu. Mamani ya ce rumbunansa dai har yanzu suna tsaye, amma tunda an ce ya yi, zai yi, ko don ya ga ƙarshen abin.

Matsala ta farko azara ce. Ta zaure gara ta cinye, ta ɗakin Na'Allah kuwa tun zamanin kakansa take. Azara mai kyau guda goma sha biyu da kwanon rufi sabo, a ɗaki ɗaya suke duk gidan, ɗakin matarsa Dela. Ita ta saka su da gumin furar da take damawa a bakin tasha, shekara da shekaru, domin mijin nata bai taɓa sayen ko ƙusa a gidan ba. Da abincinta yake rayuwa, da sabulunta yake wanka, kowa a unguwar ya san haka. Ranar da ta tafi suna wata unguwa, ya sa aka kware ɗakin tas. Ta dawo da la'asar ta tarar da rana kwance a kan gadonta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Ya fara yi mata bayanin hawa na uku, da iskar da za ta sha, da yadda za ta riƙa hango fitilar jirgi tun daga nesa. Ta bar shi ya gama.

"Malam, shekara ashirin da shida ina jin labarinka, ban taɓa cewa ƙarya kake ba, ko da na sani. Amma wanga ɗaki nawa ne. In ruwan fari ya sauka bai tarad da rufi bisa gadona ba, Birnin Lalle zan tahi gidan yayana, kuma kada ka aiko kowa biko."

Ya ce haba Dela, ruwa ai da sauran wata biyu. Ta ce ta ji, ta ɗaura tabarma a kan gadon don rana, ta koma wajen turminta. Ya san ba ta maimaita magana. Amma da ya fita waje ya ga mutane, sai ya ce musu uwargida ta yi murna har ta rasa abin faɗi.

Washegari ya fasa katangar gidan wuri biyu, gabas da yamma, ya ce wannan shi ne haɗin tasha da tasha, a saba da shi tun kafin jirgi ya iso. Jama'a kuwa ba su ɓata lokaci ba wajen sabawa. Masu zuwa daga rugage suka gane cewa ta gidan Na'Allah ta fi kusa da tasha. Kafin kwana uku masu jakai suna bi, 'yan kabu-kabu suna bi har da hon, mata masu tallan nono suna bi suna yi wa Dela sannu da aiki. Wani ɗan akuya ya tura kai cikin ƙwaryar gero. Wani tsoho da bai san kowa ba ya shimfiɗa buzunsa a gindin turmi ya yi sallar azahar, ya idar ya tambaya ko akwai ruwan sha mai sanyi. Na'Allah yana tsaye yana ƙirga masu wucewa da yatsa, baki har kunne, yana cewa ga shi nan, tun jirgi bai zo ba fasinja sun amsa. Dela ta kwashe kayan damunta ta koma lungu bayan makewayi.

Gini ya tashi. Da aka gama hawa na ɗaya babu wanda ya kula. Da aka hau na biyu sai unguwa ta rikice. A Dakoro, kamar ko'ina a ƙasar nan, makewayi ba shi da rufi, tsakar gida kuma ta mata ce. Shi ya sa namiji ba ya hawa soro ko bishiya sai ya ɗaga murya ya ce masu gida a kimtsa, za a hau bisa. Mai gyaran indararo sau ɗaya yake faɗa a shekara. Mamani da leburorinsa kuwa sau arba'in suke hawa tsani a wuni, kuma kowane hawa sai an yi shela. Mace ta kai ruwa makewayi, ta tuɓe mayafi, sai ta ji za a hau bisa. Ta jira a sauko, ta sake shiga, sai ta ji za a hau bisa. Mako guda cur matan gida bakwai ba su yi wanka da kwanciyar hankali ba.

Hanatu ce ta kai ƙara wurin mai unguwa. Maƙwabciyarsa ce ta kudu, dattijuwa mai sayar da daddawa, wadda ko jandarma ba ya son ya haɗa hanya da bakinta. Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Na'Allah ya zo da kwalinsa a hammata, ya rantse da girman Allah cewa daga sama ba a ganin komai sai sararin samaniya da hanyar jirgi, shi kuma mutum ne mai kunya, ko ya hau idonsa a gabas yake. Ya ce hassada ce kawai irin ta mutanen da ba su taɓa wuce Maraɗi ba.

Hanatu ba ta yi musu da shi ba. Ta juya wajen mai unguwa ta ce ita abin ma da ya fi damunta, tun da aka fara ginin nan kazarta ta daina ƙwai, ta duba ko'ina ba ta ga ko ɗaya ba.

"Wace kaza? Wake-waken nan?" in ji Na'Allah. "Ai bayan randarki take yi, ƙarƙashin tsohon kwandon da kike ɗora zanen wanka. Jiya ma guda huɗu na gani."

Hanatu ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Sannu, mai ido a gabas. Randata dai kudu take."

Dariyar da aka yi har masu shayi na bakin hanya sun taso. Mazan gidajen nan bakwai kuwa ba su yi dariya ba, ɗayansu har ya fara naɗe hannun riga. Mai unguwa ya yanke cewa a toshe duk wata taga ta kudu da ta arewa, a kuma ja bango ya wuce tsayin mutum a kowane hawa kafin kowa ya sake leƙa ko'ina, aikin sama kuma daga hantsi zuwa azahar kaɗai. Na'Allah ya fito yana gaya wa mutane cewa dama haka tsarin yake, a Ikko ma manyan benaye ba su cika taga ba saboda tsaro.

Haka aka lallaɓa har hawa na uku. Abin ya tsaya a tsakar gida, dogo, siriri, makaho ta gefe biyu, ya ɗan karkata yamma kamar mai sauraren gulmar tasha. Aka jera azarar Dela a can ƙoli, aka buga kwanonta a kai. Dela takan ɗaga kai ta dubi kwanon yana walƙiya, sa'an nan ta dubi gabas. Iska ta riga ta juya, zafi ya yi nauyi, manoma sun fara gyaran gona. Kowace safiya sai Na'Allah ya ce mata saura ƙiris ta tare a sama, ita kuwa sai ta miƙa masa furarsa.

Ranar da aka sauke tsani ne Mamani ya yi tambayar da ya daɗe yana ajiye da ita. Ya ce to Injiniya, ga bene ya ƙare, ta ina mutane za su hau? Babu matakala a kwalin, babu kuma a ginin. Na'Allah ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi, don wallahi mantawa ya yi. Amma kafin Mamani ya rufe baki ya riga ya murmure. Ya ce da gangan ne, matakala ta mutanen da ce, benensa asansar zai yi. Mamani ya tambaya da wace wutar. Na'Allah ya ce shi dai ya zuba ido.

Dabarar a bakin rijiya ya samo ta. Arewa da gari akwai wata rijiyar makiyaya mai zurfin gaske, inda ba a jan guga da hannu. Ana ɗora igiya a kan kura, gungumen nan mai juyawa, a ɗaura bakinta a jikin raƙumi, raƙumi ya yi gaba, guga ya taso. A nan ya ga raƙumin wani makiyayi mai suna Agali. Sauran dabbobi sai an ja su, wannan kuwa babu mai riƙe masa akala. Da an buga masa cinya sai ya miƙe shi kaɗai, ya tafi, ya tsaya cak daidai lokacin da guga ya iso baki, ya juyo ya dawo. Na'Allah ya tafa hannu ya ce ga inji nan Allah ya ajiye a daji jahilai suna ba shi ƙaya.

Agali ya yarda ya ba da aron raƙumin na wuni ɗaya, amma ya ce akwai magana. Ya ce shekara tara dabbar nan tana aiki a rijiya ɗaya, rijiyar kuma gaba arba'in ce. Ba guga yake ji ba, ba kuma murya yake bi ba, tafiyar ce ya haddace. In ya tashi, sai ya cika gaba arba'in ɗinsa yake tsayawa, ko da duka, ko da lallashi. Ya tambaya benen gaba nawa ne.

"Kai dai kawo raƙumi," in ji Na'Allah. "Wanda ya iya arba'in, biyar za ta gagare shi? Sauƙi ma na yi mishi."

Agali ya sake buɗe baki, Na'Allah ya ce masa aikin injiniya ba a yin sa da rawani a kan hanci. Agali ya ƙara jan rawaninsa sama.

Aka sa buɗe bene ranar kasuwa da hantsi, don mutanen ƙauye ma su shaida. Na'Allah ya sa aka zaro azara biyu ta tagar yamma ta hawa na uku, aka ɗaura kura a bakinsu. Mamani ya ce azarar nan su ne ke riƙe da rufin gaba ɗaya, Na'Allah ya ce masa ya ji. Aka yanke tanon ƙarfe, wato duro, gida biyu, aka huda rabin aka ɗaura igiya, aka shimfiɗa darduma a ciki. Aka tsayar da raƙumi a ƙofar yamma, fuskarsa tana kallon tasha. Jama'a suka cika gidan, suka cika ɓarakar katanga, wasu suka hau kan motoci. Matan unguwa sun yi wankansu tun da sassafe sun fito, Hanatu a gaba da kujerarta. Dela tana zaune a ƙofar ɗakinta marar rufi, hannu a kan gwiwa. Can gabas kuwa, ƙasan sama ya fara yin baƙi.

Na'Allah ya fito cikin babbar riga ta aro da tabarau. Ya yi jawabi mai tsawo a kan jirgi da ci gaba da mutanen da za su ji kunya yau. Ya gayyaci mai unguwa ya zama na farkon hawa, mai unguwa ya ce gwiwarsa tana ciwo. Ya gayyaci Mamani, Mamani ya ce shi ya gina, ya san abin da ya gina. Agali ya matso zai riƙe akala, Na'Allah ya daka masa tsawa ya ce asansar ba a ja masa akala, ya koma gefe. Sa'an nan ya tattara riga ya shiga tano ya tsuguna, ya yi shelar a kimtsa za a hau bisa da muryar kamasho, ya ce a buga.

Aka buga wa raƙumi cinya. Ya miƙe a hankali, igiya ta ɗaure, tano ya rabu da ƙasa. Gaskiya dai a faɗe ta, abin ya yi kyau da farko. Tano ya wuce hawa na ɗaya sumul, jama'a suka yi kabbara. Ya wuce na biyu, Na'Allah ya miƙe tsaye yana ɗaga wa mutane hannu, yana neman Samba da ido cikin taro. Ya hango Dela a ƙasa ya ƙwala mata kira ta shirya, ita ce ta biyu. Tano ya iso tagar hawa na uku.

"To, ya isa. Tsaya nan."

Raƙumi bai ma san ana yi ba, gaba biyar kawai ya ci, da sauran talatin da biyar a gabansa. Tano ya daki kura, ƙau, tabarau ya yi nasa wuri. Na'Allah ya ce tsaya da Hausa, ya ce da Faransanci, ya ƙwala wa Agali kira. Agali ya ruga ya kama akala, raƙumi ya ja shi kamar ba kowa. Igiya ta miƙe tana kuka, azara suka fara ƙara, ƙasa ta fara zubowa daga bango. Mamani ya ce jama'a a watse, kuma ba a taɓa jin maganarsa da sauri kamar ranar ba.

Azarar biyu suka fizgo, rufi ya biyo su. Hawa na uku ya durƙusa a kan na biyu, na biyu ya ce shi ma ba zai iya ba. Kwanon Dela ya tashi sama falle-falle ya sauko a lanƙwashe. Na'Allah kuwa ya dunƙule cikin tano, tano ya gangaro ta kan tulin tubali yana tsalle, ya dira ƙasa, raƙumi ya ci gaba da jan sa. Ya ja shi ta ƙofar yamma, ya ja shi ta gaban mai tsire, ya ratsa da shi tsakanin motar Korahane da buhunan gawayi, tano yana ƙara, babbar riga tana share ƙasa, ana jin salati daga ciki. Daidai gaba arba'in, a tsakiyar tasha, raƙumi ya tsaya cak. Ya juyo abinsa a natse, ya tsallake tano, ya koma inda ya fara yana jiran a sake buga masa.

Da ƙura ta lafa aka ga babu wanda ya ji ciwo, sai dariya ta ɓarke. Direbobi suna dukan ƙofofin mota, masu nono sun ajiye ƙore sun zauna a ƙasa. Aka zazzage Na'Allah daga tano, fari fat da ƙasa, goshi ya kumbura, takalmi ƙafa ɗaya. Hanatu ta taso da kujerarta a hannu ta leƙa fuskarsa ta ce sannu da sauka Injiniya, ashe jirgin har ya iso, kuma ga fasinja an kawo shi bakin mota ƙafarsa ba ta taɓa yashi ba. Ko a nan bakinsa bai mutu ba. Ya tofar da ƙasa ya ce gwaji ne, inji ya nuna yana da ƙarfi, igiyar ce kawai ta yi tsawo. Ya ce gobe za a sake tayar da gini.

Mamani ya ce da wace azara? Aka je aka duba, goma sha biyun nan babu guda da ba ta karye ba, kwanon kuma ko akurkin kaji ba zai rufe ba.

Sai iska mai sanyi ta taso daga gabas, ta kwashi ledoji ta watsa cikin tasha. Aka yi tsawa can nesa. Manoman da suka zo kasuwa suka ɗaga kai suna hamdala, kowa ya fara haɗa kayansa. Na'Allah ya ɗaga kai shi ma, kuma a karon farko tun dawowarsa daga Ikko ya rasa abin cewa.

Mutane suka dare, sai ga Dela ta fito ta ƙofar yamma, mayafi a kafaɗa, ƙullin kaya a kai. Bayanta mata biyu suna ɗauke da turmi da ƙore. Ta tsaya a gabansa ta dube shi tun daga kai har ƙafar da babu takalmi. Ta tambaya ko ya karye. Ya ce a'a. Ta tambaya ko kansa yana juyawa. Ya ce kaɗan. Ta sa gefen mayafinta ta share masa ƙasar da ke girarsa, har ransa ya fara dawowa.

"Dela, ki ba ni mako guda. Ko zana ce zan ɗora miki. Ruwan ma bai sauka ba tukuna."

Ɗigo na farko ya faɗo a kan tanon da ke tsakaninsu, ya yi ƙara, na biyu ya biyo shi. Duk wanda ke kusa ya ji.

"Tunda ƙashinka lafiya lau, Malam, tashi ka kama mini gado. Shi kaɗai ya rage a ɗakin, kuma ba na so ya jiƙe."

Ya duba ko wani zai sa baki. Mai unguwa yana kallon ƙasa, Mamani yana kallon raƙumi. Na'Allah ya ɗingisa ya shiga gida ta kan tulin benensa, ya ɗauko gadon shi da Mamani, ya ɗora shi a kan motar Birnin Lalle da hannunsa, ya ɗaure shi tamau yadda ya saba ɗaure kayan mutane. Dela ta shiga gaba ta ja ƙofa. Na'Allah ya dafa tagar. Direba ya ce masa ya ɗan matsa, mota ta tashi.

Ruwa ya sauko da ƙarfinsa. 'Yan kallo suka watse, kowa ya ruga gidansa ya shige ɗaki. Na'Allah ya tsaya a tsakiyar tasha da takalmi ƙafa ɗaya har motar ta ɓace, ruwa yana wanke masa ƙasa yana zuba cikin rigar aro. Sa'an nan ya juya ya nufi gida a guje kamar kowa. Sai da ya kai tsakar gidan ya tsaya, ya dubi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, bene ya danne nasa da zaure, na Dela kuma babu rufi, bai ga wanda zai shiga ba.